Har Ruwan Shuka

Ku samarin da kuka yi sallama yau kuna cewa in koya muku aikin manajan ƙungiya, na san abin da kuka hango. Kun gan ni a ƙarshen benci da jaka a cinya ina shan ruwan leda, wasu na can suna haɗa gumi, sai kuka ce tsohon nan ya samu banza. To ku gyara zama. A ƙwallon kwando mutum biyar ke shiga fili, amma takardar da ake miƙa wa masu shirya gasa layi goma sha biyu gare ta, kuma kowane layi gida ne guda da ke jiran albashi. Koci ke zaɓar wanda zai shiga fili. Nawa aikin shi ne in san wa zai hau layin nan, nawa zai karɓa, kuma daga ina kuɗin zai fito. Akwai shekarar da ɗan wasan da na fi ji da shi ya kusa faɗowa daga takardar saboda kalma uku da na rubuta da hannuna. Labarin da zan ba ku ke nan.

Aikin farko da aka ba ni a harkar nan manna hoto ne. A birni ne, wajen Malam Ɗanlami, wanda ya daɗe yana sakataren wata ƙungiya. Ya miƙo mini katunan 'yan wasa da hotunan fasfo da gam, ya tafi salla. Ni kuwa garin rawar kai na manna hoton wani a katin wani, don su biyun duk dogaye ne masu ƙananan kai. Ranar wasa aka hana su biyun shiga, muka sha kashi. Malam Ɗanlami bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Sai ya sa na bi gidajen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya a ƙafa, in gaishe da iyayensu, in dawo in faɗa masa sana'ar uban kowa da yawan bakin da ke cin albashinsa. Da na gama ya ce, "Isyaku, duk wanda ba ka san ƙofar gidansu ba, kada ka sake rubuta sunansa." A wajensa na koyi haɗa jakar nan da kuke gani: hatimi da tawadarsa, biro biyu, gam, allurar hura ƙwallo, ragar ajiya, zare da allura don lambar riga idan ta ɓalle, da man zafi.

Daga can Alhaji Mamuda ya ɗauko ni. Dillalin hatsi ne a Dawanau, amma asalinsa mutumin nan garin ne, tsakanin Bici da Ɗambatta. Filin da muke atisaye a kai yanzu, simintin shanyar hatsi ne da ya zuba a bayan sito. Samarin gari suka sa mai walda ya lanƙwasa musu ƙarfe suka kafa a jikin falwaya, shi kuma Alhaji ya tsaya kallo wata rana bayan la'asar, shi ke nan abin ya shiga ransa. Ya ɗauko Koci Bala, ya ɗauko ni. Muka yi ta hawa daga ƙananan gasa har muka shiga babbar. Mutanen birni suka sa mana suna 'Yan Rumbu don tsokana, mu kuma muka sa aka buga mana shi a bayan riga.

Shekarar farko a babbar gasa ita ce muguwar shekara, kuma da hannuna a ciki. Tsoro ya sa muka kwaso 'yan wasa masu tsada daga garuruwa, muka zaunar da namu na gida. Ana tsakiyar gasa farashin riɗi ya faɗi warwas, Alhaji kuwa ya cika sito da shi. Albashi ya tsaya. Baƙin nan suka ɗaure jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, ba wanda ya baro garinsu don ya zo kallon kuka da rimi. Akwai wasan da muka je da mutum bakwai a cikin bas ɗin haya, da buhun garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin kujera. Da ƙyar da jiɓin goshi muka tsira ba a mayar da mu ƙaramar gasa ba.

Saboda haka da shekara ta zagayo Alhaji ya ce abin da zai iya bayarwa bai kai rabin na bara ba. Na ajiye baƙi biyar masu haƙuri, sauran bakwai na cike da yaran gida. Na kuma yi wata dabara da na ɗauka wayo ne: na matse albashi, na buɗa kuɗin cin wasa. A raina na ce, sau nawa za mu ci ɗin?

Yaran gida kuwa ba a ɗaukarsu da sa hannunsu kaɗai, domin duk a gandu suke. Ku 'yan birni, gandu shi ne gonar uba, inda 'ya'ya maza ke aiki tare daga safe zuwa azahar duk damina, a ci daga rumbu ɗaya. Ɗan da ke gandu ƙarfinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Don haka na bi iyaye da takarda, kamar yadda aka koya mini. Na ƙarshe shi ne Malam Tanimu, mahaifin Habu Gajere. Kada sunan ya ruɗe ku, Habu sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansu, a cikin 'yan kwando ne kawai yake gajere. Shi ne mai rabon ƙwallo, kuma shi ne ɗa namiji babba a gidan.

Na karanta wa Malam Tanimu takardar har na zo kan ranar da za ta ƙare, na faɗi sunan watan Bature da kwanansa. Ya ɗaga mini hannu.

"Manaja, ni ban san wannan watan ba. Ruwa ya san shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, gasar za ta ƙare tun kafin damina."

"To tunda haka ne me zai hana ka rubuta abin da ni da kai muka sani? Rubuta, har ruwan shuka."

Na soke kwanan wata, na rubuta har ruwan shuka, ya sa hannu da ajami. Labari ya zaga, sauran iyayen shida suka ce su ma haka suke so, na gyara musu ina murmushi. Na san akwai zagayen ƙarshe da ake yi cikin damina, na ƙungiyoyin da suka fi kowa a faɗin ƙasar nan. Amma wa zai kawo 'Yan Rumbu can? Ko a mafarki ban kawo ba.

Wasan da ya fara buɗe mini ido shi ne na uku, da wata babbar ƙungiyar birni, masu motar kansu da likitansu. Sun shigo suna taunar cingam, suna kallon takalmanmu. Kwata na farko suka ba mu rata. Amma yaran da suka tashi da garma a hannu ba su san gajiya ba, sai Koci Bala ya ce a matse su tun daga ƙarƙashin kwandonsu, kada a bar su su shaƙi iska. Habu ya manne wa mai rabonsu kamar ƙaya a zani. Kafin kwata na huɗu manyan nan sun dafa gwiwa suna haki, namu kuwa kamar yanzu aka fara. Saura kaɗan a tashi Habu ya zare ƙwallo daga hannun mutum, ya miƙa ta gaba, aka zura. Da maki ɗaya muka ci su! Ni da nake dattijo ban san lokacin da na hau kan benci da jakata ba, hular kaina ma ban sake ganinta ba har yau.

Daga nan abu ya zama kamar almara. Mu ci a gida, mu ci a waje. Ranar wasanmu masu shayi su rufe tebur, 'yan acaɓa su yi jerin gwano a bayan bas har titin Kano. Kuɗin cin wasan da na buɗa ya dawo ya shaƙe ni, kowane mako sai na je Dawanau na tsaya a gaban Alhaji ina sosa ƙeya. Shi kuma yana ƙirgawa yana dariya yana cewa, "Isyaku, kai ne ka ce ba za su ci ba!" Wallahi ban taɓa jin daɗin kuskurena irin na wannan karon ba. Habu dai ba ya zura ƙwallo da yawa, idan ka duba takardar maki yana can ƙasa. Amma cire shi minti uku ka ga yadda sauran za su riƙa karo da juna.

Muka samu gurbin zagayen ƙarshe ranar wata Asabar. Gari ya ɗauki guɗa, aka yanka sa. Ranar Talata da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa har azahar, irin wanda ke jiƙa ƙasa kamu guda. Ina tsaye a ƙofar sito ina jin daɗin ƙamshin ƙasa, sai na tuna kalma ukun nan da na rubuta. Washegari na fito fili na tarar da Koci Bala da baƙinmu biyar suna kallon juna. Yaran gida bakwai duk suna gona da sungumi, kuma ba wanda ya saɓa alkawari. Takardata ce ta sallame su.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Zagayen ƙarshe saura kusan wata guda, daidai lokacin noman farko, lokacin da ciyawa ke rige-rige da gero, wanda duk manomin da ya yi sake a cikinsa ya yi asarar shekara. Masu gasa sun ba da dama a sauya suna kafin a rufe rajista. Alhaji ya kira ni Dawanau, na same shi a kan buhunan wake, fuskarsa fal farin ciki. Ya ce ya ware wani abu na musamman, kuma akwai wani dogo a Jos da ƙungiyarsa ta fita, wanda ke zura ƙwallo ba ya ko tsalle sosai. Kuɗin sa hannunsa zai lashe kusan duk abin da aka ware, ragowar a ba iyaye su ɗauki 'yan ƙodago.

Na ce, "Alhaji, layi goma sha biyu ne. Wa zai sauka?"

"Gajere mana. Shi ne ƙasa a maki, kuma ubansa ya fi kowa taurin kai."

Na ji raina ya ɓaci, na kuma faɗa masa. Na ce wanda ya kawo mu nan ba za a sauke shi a bakin ƙofa ba. Koci Bala da ke gefe bai goyi bayana ba, don shi ma yana son dogon nan, kuma ba zan ce bai da hujja ba. Alhaji ya daɗe yana juya carbi, sannan ya ce, "Kawo mini sa hannun Malam Tanimu kwana biyu kafin a rufe. In ba ka kawo ba, dogo ya hau."

Iyaye shida ba su ba ni wahala ba, kowa ya ce in dai za a nome masa gona, yaro ya tafi. Sai na ɗauka na bakwai ma haka ne, a nan na tafka wauta. Na sa kuɗin ƙodago a ambulan, na sami Malam Tanimu a ƙofar gida da yamma, ƙannensa biyu na zaune, na ajiye masa a kan tabarma a gabansu. Ko kallon ambulan ɗin bai yi ba.

"Manaja, wa ya ce maka ina sayar da ɗa?"

Na fara kame-kame. Ya ce, "Gonar nan tun kakana ba a taɓa barinta ta huta ba, taki da hannu ke riƙe da ita. Ɗan ƙodago binne ciyawa yake yi ya karɓi kuɗinsa, bayan kwana huɗu ta taso. Sannan gobe a ce a masallaci Tanimu ya cire babban ɗansa daga gandu an biya shi. Ɗauki abinka." Na ɗauka, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Har na sa takalmi na ji yana ce wa ƙannensa, "Mu a da idan aiki ya fi ƙarfin mutum gayya yake kira, a zo a taya shi da mutunci. Yanzu kuwa sai a jefo maka takarda."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na juyo na durƙusa na ce, "Baba, idan ka kira gayya, mu ma muna cikin waɗanda za a gayyata?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai? Ka taɓa riƙe fartanya?"

"Da daɗewa, Baba."

"To na gayyace ka. Ka zo da dogayenka. Idan na zaga na ga aiki ya yi, zan sa hannu. Idan bai yi ba, Habu na nan."

Gayya ba a biyan kowa ko sisi, amma ana ciyarwa, a raba goro, a kira makaɗa. Na koma wajen Alhaji na ce ya ba ni kuɗin abinci daga cikin na dogo. Ya ce na haukace, idan na taɓa kuɗin nan ai dogo ya tafi ke nan, ko Malam Tanimu ya sa hannu ko bai sa ba. Na ce na sani. Ya ce, "To idan ka tashi ba Gajere ba dogo, kai ma ka nemi wani aikin." Ya miƙo. Ranar na rubuta abin da ba manajan da ya taɓa rubutawa a littafin albashin ƙungiya: gero, nono, goro, gangar noma.

Muka jira gero ya yi ƙwari, muka tsara gonaki bakwai a jere, ta Malam Tanimu ce ta ƙarshe, ranar da wa'adin Alhaji ke cika. Na ɗauka mu goma sha huɗu ne za mu yi ta fama. Ashe magoya baya sun ji labari. Da sassafe sai ga 'yan acaɓa da masu shayi da malaman firamare, kowa da fartanya a kafaɗa, wasu ma da rigar 'Yan Rumbu. Da makaɗa suka saki ganga, sai layi ya miƙe daga wannan iyaka zuwa waccan, ƙasa na tashi, ana ihu ana kirari kamar ranar wasa. Abin dariya baƙinmu. Mutum ya kusa taɓo rufin ɗaki, ga fartanya mai gajeriyar ƙota, sai ya naɗe kamar tabarma. Ɗaya ya sare gero uku yana tsammani ciyawa ce, aka mayar da shi ɗaukar tulun fura. Koci Bala na bin mai jefa mana ta maki uku yana roƙo, "Don Allah a hankali da yatsun nan!" Shi kansa kocin ya ce bai taɓa samun atisayen da ya kai wannan ba.

Ranar ƙarshe muka gama gonar Malam Tanimu kafin azahar. Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya a inuwar ɗorawa yana kallon agogo. Tsohon ya goya hannu a baya ya fara bin kunya-kunya, mutane sama da yadda zan ƙirga suna bin sa da ido. Yana tafe yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Ya wuce ta Habu, ya wuce ta baƙi, har ya gyaɗa kai. Sai ya tsaya cak a wata kunya ta gefen iyaka, ya sunkuya ya zaro ciyawa ɗanya shar da saiwarta daga ƙarƙashin ƙasa.

"Wannan ta wa ce?"

Tawa ce. Bayana ya ƙage tun hantsi, sai na riƙa turbuɗe ciyawar ina wucewa, daidai abin da ya ce 'yan ƙodago na yi. Na ɗaga hannu. Filin nan ya fashe da dariya, har Alhaji sai da ya riƙe ciki. Malam Tanimu bai yi dariya ba. Ya ce, "Manaja, sa hannuna na ƙarshen kunyar nan." Habu ya zaburo zai karɓar mini, uban ya daka masa tsawa. Haka na sake ta daga farko ni kaɗai, makaɗa na bina a baya suna zuga ni, tafin hannuna ya fashe. Da na kai ƙarshe na zaro takarda daga aljihu. Ya ce in soke kwanan wata in rubuta har maimai, wato noma na biyu. Na rubuta. Ya ɗora takardar a gwiwa ya sa hannu, ƙasar yatsansa ta ɓata gefen. Da ita haka na kai rajista.

Kada ku zaci mun ɗauko kofi. Dogon nan na Jos wata ƙungiya ta ɗauke shi, kuma ita ce ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe. Ya yi ta zura mana ƙwallo ta saman kai, kowace ya zura sai Alhaji ya waiwayo ya harare ni. Har gobe ban san abin da zai faru ba da shi muka ɗauka, wannan kuma shi ne nauyin aikin, ba a buga wasa sau biyu a gwada. Amma washegari a wasan neman na uku, ana kunnen doki saura daƙiƙu, Habu Gajere ya shiga tsakanin mutum biyu ya fizge ƙwallo, ya ruga shi kaɗai ya ajiye ta a kwando da kansa. Alhaji ya rungume ni har ya ɗaga ni sama, da tumbinsa da komai. Na yi kuka ranar, kuma ban ɓoye ba.

Da muka dawo jama'a suka tare mu tun daga titi. Habu ya ce a sauke shi a hanyar gona, don ya san inda ubansa yake. Na bi shi. Muka tarar da Malam Tanimu a tsakiyar gero, wanda ya kai gwiwa, kore shar. Muka gaishe shi.

"An ce kun zo na uku. Cikin garuruwa nawa?"

Na ce, "Cikin ƙasar nan gaba ɗaya, Baba."

Ya dubi ɗansa. Sannan ya ce, "To madalla. Habu, cire takalmin nan kada ka taka mini gero." Na yi sallama zan tafi, sai ya kira ni. "Manaja, baɗi idan ka zo da takardarka, bar maganar ruwan shuka. Rubuta ranar gayya kawai. Amma kai zan riƙa ba ka kunyar tsakiya, inda zan gan ka."

Haka muke rubutawa har yau, kuma iyaye ne ke fara tambaya ko an sa. Ku kuma da kuke son aikin nan, hatimi da biro suna cikin jaka, ba inda za su. Ku leƙa bayan ƙofar can, akwai fartanya huɗu. An yi shuka makon jiya, gonar Malam Tanimu ranar Alhamis ce, kuma har yanzu yana tona ƙasa da ɗan yatsa.